Watandar Da Ba Mu Ga Wuƙarta Ba

A Aboabo nake, bakin kwata, gefen mai koko.
Teburina ƙafa uku ne, bulo ne ta huɗun.
Waya nake gyarawa, ina caji in an ɗauke wuta.
Bara waccan Mutari ya sauko daga Kejetia da gumi,
ya ce an yi wa babbar sarƙa 'yar hanya ta gefe,
wai kamar motar haya take:
a loda aiken mutum dubu a mota ɗaya,
a biya kuɗin ƙofa sau guda.
"Shiga tun tana fanko," in ji shi,
"ranar rabo ba a manta wanda ya tura mota."

Na tura.
Daren da hanyar ta cushe ina nan ido biyu,
na rubuta musu inda take yoyo, suka ce sun gode.
Na buɗe wa Inna Zuwera asusu a wayata,
don ɗanta da ke Turai ya daina asarar kuɗin aike.
Na buɗe wa Sumaila tela, na buɗe wa ladan.
Wata ashirin da biyu,
datata, batirina, barcina.

Ranar rabo suka zana faifai, suka yanka shi kala-kala.
Ashirin da shida na waɗanda suka gina.
Sha tara na waɗanda suka ba da kuɗi tun ana raɗa.
Talatin da takwas na baitulmali,
makullinsa kuwa yana aljihun waɗancan na farko.
Goma wai na haɓaka gobe.
Sai wani siririn yanki, kamar farcen jariri,
bakwai cikin ɗari,
an rubuta a kansa da manyan baƙaƙe: JAMA'A.

Sun ce nasu a kulle yake shekara guda, kada mu damu.
To, ai saniyar da aka ɗaure a gidanka taka ce,
ko ba ka yanka yau ba.
Sun ce kowane tokin ƙuri'a ne, mu zo a yi shawara.
Na ɗaga hannu a taron da mutum tara
suka riga suka fi garin Kumasi yawan hannaye.

An ce rabon kwaɗo ba ya hawa sama.
Namu daga saman ya faɗo, ya bushe kafin ya iso:
tokin arba'in da uku,
sidi sittin da ɗaya a farashin safe,
hamsin da biyu bayan la'asar.

Na Inna Zuwera ko ɗaya babu.
Na'urarsu ta ga asusu huɗu a waya guda,
ta ce mutum ɗaya ne mai fuska huɗu, ɗan damfara.
Ba wanda ya gaya mata cewa a layinmu
waya ɗaya kan ɗauki gida uku da masallaci.

Da magariba na je na faɗa wa Inna.
Tana kan tabarma da littafin watandar sallah,
shekara talatin ita ke haɗa kuɗin sa a unguwa.
Ba ta tambaye ni mene ne tokin ba.
Ta ce, "Wa ya riƙe wuƙar?"
Na ce, su.
"Wa ya kasa?"
Su.
"Wa ya fara ɗauka?"
Na yi shiru.
Ta ce, "A nan, mai kasawa shi ke ɗauka a ƙarshe,
kuma a tsakar gida ake yi, yara na kallo."
Ta lashi yatsa, ta juya shafi.

Washegari na sayar da arba'in da biyu,
na ba kafinta ya yi wa teburina ƙafa.
Ɗayan na bar shi a asusun.
Mutari ya dawo jiya, wai an buɗe wata sabuwar hanyar,
har yanzu fanko ce.